Kwana Uku a Fadamar Haɗejiya da Nguru

Duk wanda ya taso daga Kano a tsakiyar watan Janairu, ya bi ta Gezawa da Gujungu ya nufi Haɗejiya, abin da zai yi ta gani dama da hagu shi ne ƙasa ta bushe ƙamas. An riga an girbe gero da dawa, ba abin da ya saura a gonaki sai tushiya da awaki, hazo kuma ya lulluɓe sararin sama har rana ta zama kamar farin faifai. Da ya wuce Haɗejiya ya doshi Nguru sai yashi ya ƙara yawa, itatuwa su ƙara tazara, goriba ta fara maye gurbin marke da ɗorawa. Ruwan saman da ke sauka a Nguru a shekara guda bai wuce kimanin milimita 500 ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke. Saboda haka matafiyi ba ya zaton zai ga ruwa. Sai kwatsam ya hango shi shimfiɗe a gefen hanya, ga bado ya yi fure, ga balbelu fari fat, ga kwalekwale yana ratsawa.

Na yi wannan tafiya ne lokacin hutun zangon karatu, da niyyar yawon buɗe ido kurum. Na bar kwalaben ɗibar ruwa da littattafan auna halittu a ofis, ban ɗauki komai ba sai madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu. Amma mai hali ba ya fasa halinsa, kafin kwana na biyu ya ƙare littafin ya kusa cika.

Yadda ruwa ya zo tsakiyar yashi

Kafin mu shiga kwalekwale, ya kyautu mai karatu ya san inda ruwan nan ya fito, domin ba na nan ba ne. Kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ya ratsa ƙasar Bauchi. Da kogunan biyu suka baro ƙasa mai duwatsu suka shigo kwarin Tafkin Cadi, sai suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda kusan ba ta da gangara, ga kuma tsofaffin tuddan yashi a jere, waɗanda iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta taɓa kaiwa nan. Tuddan nan sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, su ne suka datse wa ruwa hanya, ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin kwaruruwan da ke tsakaninsu. Abin da ya tsira daga malala da zafin rana shi ke sake haɗuwa a kusa da Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

A yadda aka saba tun kaka da kakanni, ruwa kan fara isowa a watan Yuli, ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, sa'an nan ya soma janyewa sannu a hankali. Kafin bazara yawancin fadamar ta bushe har ƙasa ta tsattsage, sai 'yan tafkuna masu zurfi. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, faɗin wurin da ruwa kan mamaye a shekara mai kyau ya haura murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Fari yana da nasa laifin, amma akwai hannun ɗan Adam, za mu zo kansa.

A cikin kwalekwale

Na sauka a Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya iso a 1930 ya tsaya, har ya zama matattarar fataken kanwa da dabino da fatu daga arewa. Da asuba wani abokina malamin makaranta ya kai ni bakin tafki, ya haɗa ni da wani dattijo masunci, Bamange, wanda ya yarda ya zagaya da ni. Sanyi a bakin ruwa ba irin na cikin gari ba ne, yana shiga har ɓargo. Dattijon ya dube ni da rigata mai dogon hannu da takalmi sau-ciki, ya yi murmushi, ya shimfiɗa mini buhu a tsakiyar jirgi ya ce, "Zauna nan, Malam, kada ka jingina da gefe."

Ba mu yi nisa ba sai garken kirinjijiya ya tashi a gabanmu da fito irin nasu, suka yi kewaye biyu suka sake sauka. Can gefe ga dinya uku suna kiwo, zalɓe kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Akwai wani tsuntsu ja mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nitsewa, domin yatsun suna rarraba nauyinsa a kan faffaɗan ganye. Na nemi gauraka ban gani ba. Da na tambaya, sai dattijon ya ce da ƙuruciyarsa ana jin kukansu kowace safiya, amma ya daɗe bai sa su a ido ba. Maganarsa ta yi daidai da abin da masana suka sani, wato gauraka ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya baki ɗaya.

Waɗanda suka fi ɗaukar mini hankali baƙi ne irina. A wata gonar shinkafa da aka girbe, wadda ruwa bai gama janyewa daga cikinta ba, na ga ɗaruruwan wasu tsuntsaye masu launin ƙasa da dogayen ƙafafu suna kalar ƙwayar da ta zube. Masana na kiransu Calidris pugnax. Ba a nan suke ƙyanƙyasa ba, a arewacin Turai da Saberiya ta ƙasar Rasha suke yin sheƙa, idan ƙanƙara ta matso sai su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan. Haka ma wasu ƙananan agwagin ruwa masu farin layi a saman ido, da wasu masu dogon wutsiya. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada mai faɗin kilomita 1,500 ko fiye, ruwan farko da zai tarar shi ne na fadamun Sahel: na Kogin Sanagal, na Kogin Kwara a ƙasar Mali, na Tafkin Cadi, da wannan. Idan kuma lokacin komawa ya yi, wajen Maris da Afrilu, a nan zai ci ya tara kitsen da zai ƙona a hanya. Wasu ƙananan tsuntsayen ciyayi, waɗanda nauyinsu bai wuce giram 12 ba, sukan kusa ninka nauyinsu kafin su tashi.

Saboda tsuntsayen nan ne duniya ta san wurin. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Cadi. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Dagona da Baturiya sun biyo baya a 2008, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da take kulawa da halittunsu. Takardu dai sun cika. Masuncin da ke tura ni bai taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Gona ɗaya, masu ita uku

Da rana ta ɗaga muka sauka a wani ƙauye da ke kan tudu, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. A nan na ga abin da nake koya wa ɗalibai a allo yana gudana a fili. Fili guda ne, amma mutum uku ke cin moriyarsa a shekara, kowa da lokacinsa. Da ruwan sama na farko manomi zai shuka shinkafa, ta tsiro kafin ambaliya ta iso, ruwa na hawa tana hawa. Yayin da ruwa ya rufe filin, na masunci ne. Da ya fara janyewa sai a girbe shinkafa, a bi danshin da ya bari a shuka wake ko masara, waɗanda za su nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Masu hali su sa injin ban ruwa su yi alkama da tattasai da albasa, a inda kakanninsu suka yi da jigo. Daga ƙarshe Fulani su shigo da shanu su ci ɗanyar ciyawa da ragowar amfanin gona, su bar taki. A kan tudu kuwa, wato jigawa, gero ne da kankana. Idan damina ta yi gardama gero ya ƙi, fadama ta rufa asiri.

Su ma kifayen da wannan juyi suke rayuwa. Da ruwa ya fara malala, karfasa da tarwaɗa da kawara da bargi sai su bar kwarin kogi su bazu cikin ciyayi su yi ƙwai. Ruwan da ya kwanta a kan busasshiyar ƙasa mai kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye yana cike da abinci, ga ɗumi, ga maɓoya, don haka 'ya'yan kifi ke girma da sauri. Idan ruwa ya juya sai su biyo shi, masunta kuma su tare su a mashigai da gura da kalli. Na ga mata suna banda a bayan gida, ana jera kifin cikin kwalaye za a kai kasuwa, daga can ya wuce har kudancin ƙasar nan.

Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce gaiwa, Protopterus annectens. Ita ba ta bin ruwa idan ya janye. Sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta tana shaƙar iska da huhu, domin tana da huhu na haƙiƙa. Haka za ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Hausawa kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma binciken kimiyya ya gaskata su, domin tsokar jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da ita. Mai karatu ya lura da abu guda: shinkafa da wake da saniya da gaiwa, kowannensu yana bukatar zuwan ruwa, kuma yana bukatar tafiyarsa.

Koren da ya ruɗe ni

A rana ta biyu muka nufi wajen mashigar Marma, wadda ke kawo ruwan Haɗejiya cikin tafkin Nguru. Tun daga nesa na hango wata doguwar ciyawa kore shar, ta fi mutum tsawo, ta yi bango dama da hagu iyakar ganin ido, iska na kaɗa ta. Na san ta sarai a littafi, Typha domingensis, amma ban taɓa ganin ta da yawa haka ba, sai bakina ya suɓuce na ce, "Kai, Baba, wurin nan da kyau yake!"

Dattijon ya dakata da tura jirgi. Ya ce, "Malam, inda kake nunawa ɗin nan gonar mahaifina ce. A nan na koyi yankan shinkafa. Yau ko akuya ba ta shiga." Na ji kunya, na ce ya gafarce ni. Ya ce ba komai, duk baƙon da ya kawo haka yake faɗa.

Kacala ke nan, kamar yadda mutanen wurin ke kiran ta. Tarihin yaɗuwarta yana komawa ne can sama da Kano. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Bako, a 1992 kuma aka gama ta Calawa kusa da Ƙaraye. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne, da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya, kuma ni kaina tumatirin can nake ci. Sai dai madatsa tana riƙe ruwan damina ne ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan duk shekara. Sakamakon haka babbar ambaliyar da kan share kwarin kogi ta ragu, kogin da ya saba ƙafewa da rani kuma ya daina ƙafewa.

Wannan shi ne ainihin abin da kacala ke so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu kuma ba ya bushewa. Kan kacala guda, wanda ya yi kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da dubban ɗaruruwan 'ya'ya masu gashi da iska ke kwashewa. Da ɗaya ya kama, ba ya ƙara bukatar iri, sai saiwarsa ta riƙa rarrafe ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai. A da, fari na wata biyar ko shida shi ke karya ta kowace shekara, ya tsare ta a bakin 'yan tafkuna. Da aka ɗauke mata wannan takunkumi sai ta bazu. Daɗin daɗawa, tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, kwarin ya cike, ruwa ya rasa hanya ya fantsama gefe, ya buɗe mata sabon fili. Ta haka tsohon kwarin Kogin Haɗejiya ya toshe, ruwa ya karkata zuwa Marma da Nguru. Ƙauyukan wannan gefe ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi tafiya, na wancan gefe kuma suna zaune suna jiran ruwan da ba ya zuwa, Gashuwa ma ta koma dogaro da Kogin Jama'are. A shekarun da ruwan sama ya yi yawa, kamar 2022, toshewar hanyoyin nan tana cikin abubuwan da suka tsananta ambaliya a ƙasar Haɗejiya.

Ba gona kaɗai take ci ba. Kalli ba ya shimfiɗuwa a cikinta, jirgi ba ya ratsa ta sai ta 'yar hanyar da aka sare. Sauro na samun mafaka. Da magariba na ga abin da manoma suka fi tsoro: jan-baki, Quelea quelea, suna dawowa kwana, garke bayan garke kamar hayaƙi, suna zuba cikin kacala. Tsuntsun bai wuce giram 20 ba, amma babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, kuma a nan ya sami ɗakin kwana da ba mai iya kai masa hari, ga ruwan sha, ga shinkafa da gero a maƙwabta. Shi ya sa za ka ga yara a kan rumfuna tsakiyar gona tun asuba, suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu, a lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ma'aunin ruwa guda ke samarwa a fadamar nan, ta hanyar noma da su da itacen wuta, da abin da yake samarwa a aikin noman rani na Kogin Kano. Suka tarar na fadama ya ninka wancan sau da yawa. Lissafin bai ma haɗa da kiwo ba, bai kuma haɗa da ruwan da ke tsiyaya ƙarƙashin ƙasa lokacin ambaliya ya cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa ba. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun a tsakiyar damina, a kuma rage shi da rani, don a kwaikwayi tsohon juyi. A ganina nan maganin yake, duk da na san wuyar sa, domin manomin Kura da mai famfo a Kano ba za su yi murna da rage ruwan rani ba, kuma su ma suna da hujja. Akwai kuma batun madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan Jama'are, kogin da ya rage yana ambaliya yadda ya saba. Duk mai goyon bayanta ya kamata a sa shi a kwalekwale a bi da shi ta Marma tukuna.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka cika, hanyoyi kuma suka bushe. A nemi labarin hanya da na tsaro daga mutanen gari kafin a tashi, a fara gaida mai unguwa ko bulama kafin a shiga ruwan kowane ƙauye, kada kuma a ɗauki hoton mutane, balle mata, sai da izini. A tafi da gidan sauro.

Gargaɗi ɗaya zan yi da babbar murya. Ruwan nan yana da sanyi da ban sha'awa da tsakar rana, amma kada a yi wanka a ciki. A jikin ciyayi na tsinci ƙananan dodon-koɗi irin na Bulinus, waɗanda ke ɗaukar tsutsar da ke haddasa tsargiya. Tsutsar kan fito daga jikinsu ta yi iyo cikin ruwa, an fi samun ta da tsakar rana, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Bayan makonni sai a ga jini a fitsari. Akwai magani a asibiti, amma masunci da ɗansa da ke shiga ruwa kullum, ana warkar da su suna sake ɗauka.

A safiyar da zan koma na tarar da matasan ƙauyen su wajen talatin cikin ruwa iyakar ƙirji, kowa da lauje, sun fito gayyar buɗe hanyar jirgi. Na lura a ƙarƙashin ruwa suke yanke kacalar, ba a sama ba. Na tambayi dattijon dalili, ya ce idan aka yanke ta a sama, mako biyu ta dawo, idan kuwa ruwa ya rufe kututturen sai ta ruɓe. Bayanin kimiyya shi ne, ganyen kacala da karanta cike suke da ƙananan kafofin da ke kai iska zuwa saiwar da ke cikin laka, idan ruwa ya toshe su sai saiwar ta shaƙe. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa sun gwada sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki, a Sanagal da Muritaniya kuma ana yin gawayi da ita. Na faɗa wa dattijon haka, ya saurara da kyau, sa'an nan ya tambaye ni nawa ake sayen dami. Na ce ban zo da farashi ba. Ya yi dariya ya ce idan na samo in aiko masa, domin shi yana da gona guda cike da ita. Daga nan ya karɓi laujen ɗansa, ya naɗe wando ya shiga ruwa.